Baba Ya Ce a Goge Motar

Waɗanda kuka dame ni da saƙo cewa in daina ja muku rai in faɗi yadda zuwan Mai Kumfa gidanmu ya kasance, to ga ni na zo. Sai dai kar wanda ya gyara zama yana jiran labarin daɗi. Ni da nake rubutawa ma kunyar kaina nake ji.

Sababbin zuwa, bari in ɗan haska muku. Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce min, har nakan manta ina da wani sunan. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya, ita tana ɗakin mijinta. Mama ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta, can nesa da gida, don haka yanzu daga ni sai Baba. Mai Kumfa kuwa shi ne wanda nake so. Yaya ce ta raɗa masa sunan ranar da ta ji sana'arsa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Na yi mata bayani har bakina ya gaji, cewa ba wankin bokiti da tsumma yake yi ba, shago gare shi na kansa, motar da fentinta ya dushe ake kawo masa ya bi ta da inji har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. Yaya ta ce duk dai kumfa ce. Sunan ya bi shi, har ni a wayata haka na ajiye shi, da 'yar zuciya a gefe.

Ita Yaya abokin mijinta take min sha'awa, wani ma'aikacin banki mai ƙamshin turare da maganar kansa. Kullum ta zo sai ta kawo zancensa, wai ina da karatuna zan ƙare a wurin mai jiƙaƙƙen wando. Baba bai taɓa cewa uffan ba, kuma shirun Baba ya fi faɗan Yaya tayar min da hankali. Sai kwatsam wata safiya yana shan shayi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yaron nan ya zo ranar Asabar ta sama ya gan shi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai.

A makon ne tafiya ta kama Baba zuwa duba ƙaninsa da ba shi da lafiya. Hanyar da nisa, idonsa kuma ba ya son dogon tuƙi yanzu, sai ya ce motar haya zai bi. Yana fita da 'yar jakarsa ya miƙo min makulli.

"Auta, ki sa a goge min motar nan kafin in dawo, tsuntsaye sun ɓata ta."

Ku riƙe wannan kalmar. A goge. Abin da Baba yake nufi kowa ya sani: a samu tsumma da ruwa a share kashin tsuntsayen da ke bishiyar tsakar gida. Ni ma na sani sarai. Amma yana juya baya wani tunani ya faɗo min, na ji kamar ni na fi kowa wayo a duniya.

Motar Baba tsohuwa ce, shuɗiya mai duhu, amma yana ji da ita. Aibinta ɗaya, wani ƙwarzane a ƙofar direba, ƙasa da mariƙi kaɗan, tsawonsa kamar tafin hannu. Tun da na dawo daga makaranta na same shi. Kuma kullum Baba zai shiga mota sai ya tsaya, ya sa babban yatsansa ya bi ƙwarzanen daga farko zuwa ƙarshe, ya sauke numfashi, sannan ya buɗe ƙofa. Ni a ganina abin yana ci masa rai ne, ya rasa wanda zai amince ya ba wa gyara. Ban taɓa tambaya ba. Na ce a raina, in Baba ya dawo ya tarar motarsa tana walƙiya babu tabon nan, in ce masa aikin wane ne, ai magana ta ƙare, Yaya sai ta nemi wani sunan.

Na saka doguwar rigata ruwan toka, na yafa farin mayafi, na ja mota sai shagon Mai Kumfa.

Ina son shagon nan. Dogayen fitilu farare a sama da gefe, ƙasa kullum a jiƙe amma tsaf, kwalabe jere a kan katako, tawul-tawul masu laushi an ninke kowane launi da wurinsa, don na taya ba ya taɓa gilashi. Ya fito yana share hannu a jikin baƙar rigar aikinsa, ya ga motar, ya ga ni, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. Da na gaya masa ta Baba ce sai ya gyara tsayuwa kamar Baban ne a gabansa.

Ya wanke ta da kansa, ya tsane ta, ya bi jikinta da injin goga gefe-gefe. Ina zaune a kujerar roba ina kallon shuɗin yana dawowa. Da ya iso ƙofar direba sai ya durƙusa, ya sa farcensa ya ja a kan ƙwarzanen. Farcen ya maƙale. Ya sake ja, ya sake maƙalewa. Ya girgiza kai, ya ce wannan ba na inji ba ne. Ya ce in farce ya kama, ƙwarzane ya wuce sheƙin da ke saman fenti, kuma wurin kan ƙashin ƙofa ne, inda ƙarfen ya lanƙwasa, fenti ba shi da kauri. Ko a bar shi, ko a kai wa mai fenti, shi dai ba zai taɓa ba.

Na ɓata rai. Na ce saboda wannan tabon na zo, sauran ai ko ni zan iya. Ya lallashe ni, ya ce Baba zai ga aikin ko da tabon. Na juya masa ƙeya. Jama'a, da a nan na tsaya da ba ku ji ni yau da wannan muryar ba. Amma bakina ba ya shawara da ni. Na ɗauki jakata kamar zan tafi, na ce:

"Ashe dai Yaya ta yi gaskiya. Kumfa ce kawai."

Ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Ya tashi ya ɗauko sanfefa mai laushi, takardar nan ta kankare fenti, ya jiƙa ta a ruwa, ya kewaye wurin da tef, ya fara bi a hankali. Sannan ya kunna inji. Wallahi ƙwarzanen ya fara ɓacewa a kan idona. Na zaro waya ina ɗauka, ina ta zuba, ina cewa wannan bidiyon Yaya zan fara tura wa. Can ya kashe injin, ya shafa wurin da bayan hannu, ya ce ya isa haka, ƙarfen ya ɗau zafi. Na matso na leƙa, na ce ai ga inuwarsa nan ana gani, saura kaɗan, sau ɗaya kawai. Ya sake kunnawa.

Ban san me ya faru ba sai da na ji shagon ya yi tsit. Ya juyo da soson injin yana kallo. Farin soso ya koma shuɗi. A jikin ƙofar kuwa, inda ƙwarzanen yake, wani fili ne ruwan toka mai faɗin tafin hannu, gefensa ya dushe, kamar an manta dutsen guga a kan riga. Ƙwarzanen ya tafi, fentin ma ya bi shi.

Na ce ya goge mana. Ya ce babu abin da ya rage da za a goge, ya cinye fentin har ƙasa. Sai dai a fesa wa ƙofar sabon fenti gaba ɗaya, kuma haɗa launin tsohuwar mota ba aikin yini ɗaya ba ne. Baba kuwa washegari zai dawo. Na fara kuka ina cewa ni na jawo. Ya zauna a ƙasa dirshan, cikin ruwan, ya ce a'a, shi ne mai sana'a, shi ya san abin da farcensa ya gaya masa, bakina bai riƙe inji ba. Ya ce in ba shi lambar Baba ya kira shi yanzu, ya faɗa masa, ya ɗauki nauyin gyaran.

Nan fa na birkice masa. Na ce so yake Baba ya fara saninsa a matsayin wanda ya ƙona masa mota? So yake Yaya ta samu abin faɗa har jikokinta? Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ya bari Asabar ta wuce tukuna, in Baba ya gan shi ya san ko shi wane ne, sai mu faɗa tare. Ya dubi ƙofar motar, sannan ya amsa.

"Ba zan fara maganar ba, tunda kin roƙa. Amma in ya tambaye ni, Auta, ba zan yi masa ƙarya ba."

Na ce na yarda. A raina na ce me zai sa Baba ya tambaye shi.

Da na koma gida na ajiye motar ta yadda ƙofar direba ke kallon katanga, wai ni mai dabara. Har sai da na fita ta ɗaya ƙofar. Washegari Baba yana shigowa, ko jakarsa bai ajiye ba, ya tambaya wa ya juya masa mota. Ya tsaya yana kallon yadda take sheƙi, na ga fuskarsa ta ɗan saki. Sai ya zagaya, ya matsa tsakaninta da katanga a gicciye, hannunsa ya riga idonsa kai wa wurin.

Ina tsaye a bakin baranda ina kallon babban yatsan Baba yana neman abin da babu. Ya bi wurin sau ɗaya, ya dawo ya sake bi. Jakar ta zame daga kafaɗarsa bai sani ba. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa ce, ya tambaye ni wa ya taɓa.

Na ce wani mai wankin mota ne a bakin titi, ban san shi ba, na bar masa na shiga kanti, na fito na tarar da haka. Ko ni na yi mamakin yadda ƙaryar ta fito sumul.

Baba ba mai zagi ba ne, tunda nake ban taɓa jin ya aibata wani ba. Ranar ya ce ko waye wannan mutumin, bai yafe masa ba. Ya shige ɗakinsa. Abincin da na kai masa haka na ɗauko shi a rufe.

Na yi tsammanin fushin mota ne. Na ce tsofaffi da kayansu, kwana biyu zai huce. Sai da Yaya ta zo washegari. Ta leƙa motar, ta shigo kicin ta same ni ina yanka albasa, ta jingina da firji, ga mamakina babu tsiya a bakinta. Idonta ne ya yi ja. Ta tambaye ni ko na san ƙwarzanen wane ne aka goge. Na ce kamar yaya na wane.

Ashe a shekararta ta ƙarshe Mama tuƙi take koyo. Da girmanta, da ciwon gwiwarta, ta tasa Baba a gaba sai ya koya mata. Ta hana kowa ya gaya min, wai so take ranar da zan gama makaranta ita za ta tuƙo motar har bakin ɗakin kwananmu, ta danna min hon, ta ga yadda zan yi da fuskata. Ranar da ta fara shigo da mota gida da kanta, Baba ya ce get ɗin ya yi mata ƙunci, ta sauka ya shigar. Ta ce ina, sai ta shigar. Ta goga ƙofar a jikin ƙarfen get. Baba ya yi ta mita, ita kuma tana dariya, ta ce kar ya kuskura ya gyara sai ta je ta ɗauko Auta ta dawo, in ya so ya haɗa da wanda za ta ƙara a hanya. Ba a daɗe ba ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Bayan rasuwar, Yaya ta ce, babu wanda ya iya buɗe baki ya ba ni labarin, kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara.

Na ajiye wuƙar. Yaya ta rungume ni tana cewa ba laifina ba ne, ban sani ba, laifin wancan mugun na bakin titi ne, Allah ya saka mana. Ina kuka a kafaɗarta tana tsine wa mutumin da nake so, ni kuma ina gyaɗa kai. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Hannun mahaifiyata ne a jikin ƙofar nan, hanyarta ta zuwa wurina, ni kuma na tsaya da waya ina cewa saura kaɗan.

Da yamma saƙon Mai Kumfa ya shigo. Ya tambaya ya Baba ya ɗauki abin. Na rubuta masa cewa ya ɗan yi faɗa, ya wuce. Ya ce ya samo mai fentin da ya iya haɗa launi, da ido yake haɗawa ba a gane bambanci, in Asabar ta wuce zai kai ta da kansa. Na tura masa hoton hannu biyu na godiya. Ya ce, "Muryarki ba daidai take ba ko a rubuce. Akwai abin da ban sani ba?" Na ce babu, gajiya ce.

Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina. Amma na san shi, da ya ji ƙwarzanen Mama ne, ko minti ɗaya ba zai ƙara ba zai zo ya durƙusa gaban Baba, ni kuma Asabar kawai nake hange. Na ɗauka in na tsallake ta komai zai zo da sauƙi.

Asabar ta zo. Na share falo har ƙarƙashin kujeru, na canza labule, na fito da kofunan baƙi masu bakin zinare. Na saka shuɗiyar riga, na dubi madubi, launin ya tuna min da motar, na cire na saka mai ruwan ƙasa. Yaya ta zo tun hantsi, wai ita ba za a ba ta labari ba. Bayan la'asar Mai Kumfa ya iso cikin fararen kaya, an yi aski, takalmi yana ƙyalli. Yaya ta leƙa ta taga ta ce a kunnena, to ba laifi, kumfar ta yi masa amfani.

Ina jin su daga bayan labule. Baba ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi yadda ya fara sana'a. Ya ba shi amsa a nutse, babu ƙari babu kuri. Har na ji Baba ya yi 'yar dariya, ta farko tun dawowarsa. Na ɗauko tiren shayi zuciyata fal murna, na ce shi ke nan, mun haye.

Ina shiga na ji Baba yana cewa, tunda Allah ya kawo mai sana'ar har gida, ya taso ya duba masa wani abu.

Suka fita tsakar gida. Na bi su da tiren a hannu don na manta ana ajiyewa. Yaya ta biyo ni. Baba ya riga ya gyara wa motar tsayuwa, tabon yana kallon kowa. Ya nuna masa, ya ce wani ne a bakin titi ya yi masa wannan aikin, yana so ya ji ko yana gyaruwa.

Na ga kafaɗar Mai Kumfa ta motsa da ya ji bakin titi. Ban taɓa gaya masa abin da na ce wa Baba ba. Bai waiwayo ba. Ya durƙusa da fararen kayansa, ya ce yana gyaruwa, in aka fesa wa ƙofar babu mai ganewa.

"Ba fentin nake tambaya ba, yaro," in ji Baba. "Akwai ƙwarzane a wurin. Shi nake tambaya. Ku da kuka san aikin, in an goge abu irin wannan, ana iya dawo da shi?"

Ya ɗago yana kallon Baba, bai gane ba. Sai Baba ya ba shi labarin, a gajarce, yana kallon get. Matata ce ta yi shi, ya ce, tana koyon tuƙi don ta je ta ɗauko wannan yarinyar. Ya ce ba shi da hotonta tana tuƙi, ba shi da komai na wannan lokacin, sai wannan layin. Kullum da safe in ya taɓa shi sai ya ji kamar sun gaisa.

Mai Kumfa ya waiwayo a hankali ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Ya gani a fuskata cewa ba yau na fara ji ba.

Ya juya, bai tashi daga durƙuson ba.

"Baba, ba ya dawowa. Kuma ba a bakin titi aka yi ba. A shagona aka yi, ni na yi da hannuna."

Yaya ta ja numfashi ta dafe ƙirji. Baba ya dubi Mai Kumfa a durƙushe, ya tambaye shi, shi da ya san aiki, bai ga zurfin abin ba ne. Ya ce ya gani. Baba ya ce to me ya kai shi, ganin dama ne ko sa shi aka yi.

"Ni na riƙe injin, Baba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya bar min ƙofa a buɗe in fice in bar shi a ciki, kuma wallahi na ɗan tsaya a bakinta. Ina jin idon Yaya a gefen fuskata. Na sunkuya na ajiye tiren a ƙasa.

Na ce, "Baba, ya ce kar a taɓa. Sau biyu ya faɗa. Ni na matsa masa, na gaya masa magana mai zafi har ya yi. Ya so ya kira ka tun a ranar, ni na hana. Mutumin bakin titi kuma babu shi, ni na ƙirƙiro."

Tsuntsayen nan da suka jawo komai suna ta hayaniya a bishiya. Baba ya cire tabarau ya share da bakin rigarsa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, an ce mata get ya yi ƙunci ta ce sai ta shiga, an ce wa wannan fenti ba kauri ta ce sai an goge. Ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ce ko kuka. Sannan ya miƙa hannu ya ɗago Mai Kumfa, ya kaɗe masa ƙurar gwiwa da kansa. Ya ce kalmar da ya faɗa ta rashin yafiya ya janye ta, don ya faɗe ta ne a kan mutumin da ya ɓata ya gudu, wannan kuwa bai gudu ba. Ya ce gidan nan a buɗe yake gare shi, ya dawo.

Mai Kumfa ya ce a ba shi izini ya kai ta wurin mai fenti. Baba ya ce a'a, kar a fesa, a bar ta haka. Ni kuwa ko kallona bai yi ba. Ya wuce ta gabana, ya tsallake tiren, ya shiga ciki.

Na raka Mai Kumfa bakin get. Na buɗe baki zan ce ya yi haƙuri, ya riga ni. Ya tambaya yaushe na san na Mama ne. Na ce washegarin dawowar Baba. Ya ce kafin ya tambaye ni ko akwai abin da bai sani ba, ko bayan nan? Na ce kafin. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaishe da Yaya, ya tafi. Bai yi murmushin gefen bakin ba.

Yaya, da na zaci za ta yi min biki a kai, mayafinta kawai ta ɗauka. A bakin ƙofa ta ce daga yau ta daina kiransa da sunan nan, kuma in na yi wasa na rasa shi, kar in zo mata da kuka.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo, guda ɗaya.

"Baba ya ce in dawo, na gode wa Allah. Amma ke nake so ki amsa min. Da bai kai ni gaban motar ba, har yaushe za ki bar ni ina cin abinci a gidanku, yana Allah ya isa da ni bai sani ba?"

Yau da safe ina shara na ga Baba ya fito zai je kasuwa. Ya tsaya a ƙofar direba kamar kullum. Ya ɗaga babban yatsansa ya ɗora a kan tabon, ya ja. Yatsan ya zame sumul, babu abin da ya tare shi. Ya tsaya yana kallon yatsan. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, buɗe min get." Na buɗe, na riƙe ƙarfen da Mama ta goga har ya fice.

Wayar tana hannuna yanzu. Amsar gaskiya na san ta, kuma ba ta da kyau: da ban faɗa ba har abada. Na rubuta masa haka na goge. Na rubuta wata mai daɗin ji, na tuna yadda ya durƙusa da fararen kaya, ita ma na goge. Yana nan a kan layi, ina ganin alamarsa, bai ƙara ko harafi ba. Na sake rubuta ta farkon, kalma shida kacal, na cire yatsana daga wurin gogewa na ɗora a kan wurin turawa.